Ranar da Damin Dawa Ke Shiga Majami'a

Da zarar an gama yankan dawa, rumbuna sun fara cika, majami'un arewa sukan keɓe Lahadi guda don godiyar kaka. Ko a Wusasa ne, ko Kagoro, ko ƙauyukan Hausawa Kirista na wajen Malumfashi, a ranar gaban majami'a yakan koma tamkar kasuwar hatsi. Ga damin dawa da na gero an jingina da bango, ga buhun masara, ƙwaryar gyaɗa, doya, kabewa, kaji an ɗaure musu ƙafa, wani lokaci har da ɗan akuya da zai yi ta kuka fasto na tsakiyar addu'a. Zumuntar mata sun sha zane iri ɗaya, ana buga tulu da ganga da caki. Sai a fara kira gida-gida, kowane iyali su taso daga baya suna rausayawa a hankali har su iso gaba su ajiye abin da suka kawo. Ma'aikacin da ba shi da gona yakan sa nasa cikin ambulan.

Al'adar nan tana da tushe mai nisa. A sura ta 26 ta Maimaitawar Shari'a, an umarci manomin Isra'ila ya zuba nunan farin gonarsa a kwando ya kai wa firist. Amma ba ajiyewa zai yi ya juya ba. Sai ya tsaya ya ba da labari da bakinsa: yadda kakansa ya yi yawo ba shi da ƙasa, yadda suka gangara Masar suka sha bauta, yadda suka yi kuka Allah ya ji, ya fito da su, ya ba su ƙasar da hatsin nan ya fito daga cikinta. Bayan haka ne zai zauna ya yi murna, kuma ba shi kaɗai ba, tare da Balawe da baƙon da ke zaune a garin. Surar ta ƙara da cewa zakkar shekara ta uku ta Balawe ce da baƙo da maraya da gwauruwa. Wato tun farko godiya a cikin sujada tunawa ce da abin da Allah ya yi, a faɗa a fili jama'a su ji, sa'an nan a raba abin da aka kawo da wanda ba shi da shi.

Idan aka auna bukukuwanmu na yau da wannan mudu, wasu ba za su cika ba. A majami'u da dama, musamman na birni, ana tashi daga sujada sai gwanjo. A ɗaga ƙwaryar doya, mai kira ya ja murya, wane ya saya da ninkin farashinta sau goma, a kira sunansa a tafa. Kuɗin na da amfani, babu musu; da irinsa aka yi rufin majami'u da yawa, aka biya wa 'ya'yan fastoci makaranta. Amma duba benci na baya. Akwai matar da ta zo da tiya guda ta wake a ƙulle cikin ɗankwali, ta ga abin da ake yi, ta rasa yadda za ta fito da shi. Ga shi kuwa Yesu da ya zauna yana kallon masu zuba baiko a Haikali, gwauruwa mai anini biyu ya nuna wa almajiransa. A Luka sura 18 ma akwai Bafarisiyen da ya buɗe addu'arsa da godiya, sai dai abin da ya gode a kai shi ne ya fi sauran mutane. An ce wani mai karɓar haraji da ya tsaya daga nesa yana bugun ƙirji, shi ne ya koma gida baratacce. Ashe ana iya yin fahariya da bakin godiya, kuma mai yi ba ya jin kansa.

Akwai tambayar da ta fi wannan nauyi. Wanda ambaliya ta cinye gonarsa fa, ko wanda 'yan bindiga suka hana shi zuwa girbi, me zai yi ranar godiya? Littafin Zabura, wanda shi ne littafin waƙoƙin masu bi tun kafin a gina majami'a ta farko, bai ɓoye irin wannan ba. A cikin zabura 150 ɗin, da yawa kuka ne tsagwaronsa. Ta 13 da ta 22 sun fara da ƙorafin cewa Allah ya yi nisa, suka ƙare da yabo. Ta 88 kuwa ba ta ma juyo ba, cikin duhu ta ƙare, amma aka bar ta a littafin, kafaɗa da kafaɗa da ta 136, wadda ayoyinta 26 kowace ke rufewa da amshi ɗaya a kan ƙaunar Allah. Bulus da ya gaya wa Tasalonikawa su riƙa godiya ko da wane hali suke ciki, ba daga kujerar hutu ya faɗa ba. Shi ne aka yi wa bulala a Filibi tare da Sila, aka sa ƙafafunsu a turu, suka yi ta waƙa da tsakar dare sauran 'yan kurkuku na saurare. Ba su ce dukan alheri ne ba. Gari na wayewa ma Bulus ya nemi mahukunta su zo da kansu su sake su, don an keta haƙƙinsu. Godiyarsu a kan Allahn da bai yashe su ba ce.

Mutanenmu sun san wannan a jikinsu. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta fara sujada a gindin tsamiya a Garkida cikin Maris 1923, ta ga abin da baki ba zai iya faɗa ba a 2014. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun shekarar 'ya'yanta ne, kuma a watan Oktoba Boko Haram ta mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi, shugabanni suka koma Jos. A 2023 a Kwarhin nan aka taru aka yi bikin cika shekara ɗari. Cikin 'yan ikkilisiyar akwai waɗanda har yau ba su san inda 'ya'yansu suke ba.

Shi ya sa nake ganin lokacin shaida, wanda majami'u da yawa ke bayarwa ranar Lahadi kafin wa'azi, ya fi bikin kaka nuna lafiyar ikkilisiya. Idan kullum shaidar sabuwar mota ce da ƙarin girma a wurin aiki, yara za su tashi da zaton Allah na masu samu ne. Gara su ji tsohuwar da za ta miƙe da sanda ta ce ta kwana lafiya, jikanta ya tashi daga zazzaɓi, shi ke nan, ta zauna. Gara su ji magidancin da ya binne matarsa makon jiya yana gode wa 'yan'uwan da suka kwana a gidansa. Ranar kaka kuma, dattawa su kira har gidajen da ba su girbe komai ba bana, su fito su yi rawa cikin sahu hannu wofi, da yamma a auna musu rabonsu daga hatsin da aka tara kafin a ɗaga sauran a gwanjo.