Takardar Gwaji Kaɗai Ba Ta Hana Yaro Abinci

Maigida da uwargida na Gyallesu da kewaye, ku saurara.

Akwai yaron da wani abinci ba ya karɓarsa. Da ya ci, kafin awa biyu sai borin jini ya feso masa, leɓe ya kumbura, ko ya yi ta amai. Abincin da ya fi jawo haka shi ne gyaɗa, ƙwai, madarar shanu, kifi, alkama, waken suya da riɗi.

Yadda ake gwaji

Gwajin iri biyu ne. Na farko na fata. Likita zai ɗiga ruwan abincin a hannun yaro, ya ɗan tsira wurin da bakin allura, a jira minti 15. In wurin ya tasa kamar cizon sauro, faɗinsa ya kai milimita 3, sai a ce gwaji ya nuna. Na biyu kuwa jini ake ɗiba a auna.

Abin da takarda ke nufi

To, ku lura. In gwaji bai nuna ba, galibi abincin ba shi da laifi. Amma in ya nuna, ba lalle ne abincin na cutar yaron ba. A shekarar 2013 aka bayyana binciken da aka yi wa 'yan makaranta a Ghana. Wajen 17 cikin 100 jininsu ya nuna gyaɗa, amma waɗanda aka ce gyaɗa na damunsu ba su kai 2 cikin 100 ba. An ga tsargiya na cikin abin da ke ruɗa gwajin jini. Ku tuna yaranmu ma suna wanka a Kubanni da kududdufai.

Saboda haka in yaro ya saba shan kunun gyaɗa lafiya lau, kada ku hana shi don takarda. Yaron da aka raba da ƙwai da nono da gyaɗa ba dalili, tamowa ake jawo masa.

Abin da za ku yi

1. Ku riƙe abin da yaro ya ci, da lokacin da ciwon ya taso, ku gaya wa likita.
2. In yana shan maganin ƙaiƙayi, ku faɗa kafin gwajin fata, don yana ɓoye sakamako.
3. In ana shakka, likita zai ba yaro abincin kaɗan-kaɗan a gabansa, a babban asibiti irin na Shika. Kada ku gwada wannan a gida.
4. In likita ya tabbatar gyaɗa ce, ku tuna tana ɓuya cikin ƙuli-ƙuli, yajin tsire, kilishi, kwaɗon zogale da miyar taushe. Ku sanar da kaka da maƙwabta da malamin makaranta.
5. In numfashi ya sarƙe, ko harshe ya kumbura, ko yaro ya some, ku ruga da shi asibiti mafi kusa nan take, ko da tsakar dare ne. Akwai allurar da ke ceton rai. Kada ku tsaya jiƙo.

Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.