Kafin Ka Jona Amfilifayar Aljihu a Kunnenka

Wanda duk ya saba shiga Banex Plaza da ke kan titin Aminu Kano a Wuse 2, ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, zai lura cewa kayan sauraro sun ƙaru. Bayan iyafis da hedifon da aka saba gani, yanzu akwai wani ɗan akwati, wani bai fi gidan ashana ba, wani kuma 'yar guntuwar igiya ce mai kumburi a tsakiya. Sunansa amfilifayar aljihu, ana jona shi tsakanin waya ko na'urar kiɗa da abin da ake sa wa a kunne. Matasa da dama na sayensa da zaton zai gyara kowane irin sauti. Wasu su dace, wasu kuma su koma gida su tarar ba abin da ya sauya, ko ma abin ya ƙara lalacewa. Dalili shi ne, wannan na'ura sai da abokin zaman da ya dace da ita take nuna amfaninta.

Amfilifaya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A masallacin unguwa, ladan na magana a makirfo, amfilifaya kuma ta ƙara wa muryar ƙarfi ta miƙa wa lasifika. Ta aljihu ma aikinta ke nan, sai dai lasifikarta 'yar mitsitsiya ce a cikin kunne. Kowace waya mai ramin iyafis tana da abu biyu a ciki: wani sashe da ake kira DAC, mai juya lambobin da ke cikin fayil su zama sauti, da kuma ƙaramar amfilifaya. Tun da kamfanin Apple ya cire ramin iyafis a iPhone 7 a shekarar 2016, wasu kamfanoni suka bi sahu, sai waɗannan sassa biyu suka koma cikin 'yar igiyar da ake jonawa a wurin caji. Ke nan mutane da yawa suna yawo da amfilifaya a aljihu ba su sani ba.

To, yaushe ake buƙatar ƙari? Amsar tana bayan kwalin hedifon, a lambobi biyu. Ta farko ita ce om, ma'aunin turjiyar da abin sauraro ke yi wa lantarki. Yawancin iyafis ɗin da ke kasuwa suna tsakanin om 16 zuwa 32, kuma kowace waya tana iya ɗaukarsu. Amma manyan hedifon irin na situdiyo daban suke: Sennheiser HD 600 om 300 ne, Beyerdynamic DT 770 Pro kuma ana yin sa iri-iri, akwai mai 32, da mai 80, da mai 250. Kamar tura ruwa ne ta siririn tiyo zuwa tankin saman bene. Idan injin ba shi da ƙarfi sai ruwan ya riƙa ɗiga. Haka waya take yi da mai om 250: ka ƙure murya amma sautin ya fito a raunane, ganga ta rasa nauyinta. Lamba ta biyu kuwa desibel ce, wadda ke nuna yawan ƙarar da abin ke bayarwa da ɗan lantarki kaɗan. Idan ta haura 100, galibi ba ya buƙatar taimako.

A nan ne da yawa ke kuskure. Mutum zai haɗa amfilifaya mai ƙarfi da ƙaramin iyafis mai saurin amsawa, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Sai ya riƙa jin wani "shuuu" a ƙarƙashin waƙa, musamman inda aka yi shiru, kuma da ya ɗan murɗa maɓalli sai ƙara ta cika masa kai. Maganin wannan shi ne a nemi wadda take da maɓallin ƙarfi mai hawa biyu, a bar ta a na ƙasa. Akwai kuma ƙa'idar da masu harkar sauti ke bi: turjiyar bakin amfilifayar kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na ta iyafis. Mai om 16 ke nan yana son amfilifayar da ba ta wuce om 2 ba, in ba haka ba launin sautin ya jirkice.

Yadda aka jona ma yana da tasiri. Idan na'urar kiɗan tana da ramin da ke fitar da sauti kai-tsaye ba tare da ya bi ta amfilifayarta ba, shi ya fi dacewa a yi amfani da shi. Idan waya ce, jonawa ta wurin caji ya fi, domin sautin zai tsallake kayan cikinta gaba ɗaya, ko da yake hakan na ƙara shan batir. A duba bakin igiya kuma, don mai milimita 3.5 ba ya dacewa da ramin 4.4. Mai iyafis na bulutut kuwa kada ya wahalar da kansa, tasa amfilifayar tana cikin iyafis ɗin.

Sai dai duk wannan ɗawainiya banza ce idan tushen bai da kyau. Waƙar da aka kwafo daga tsohon kaset, aka matse ta, aka yi ta yawo da ita a WhatsApp, ta riga ta zubar da abin da ta zubar. Amfilifaya ba za ta dawo da amon kalangun Mamman Shata ko zaƙin kuntigin Ɗan Maraya Jos da ya ɓace a hanya ba, sai ma ta ƙara tona ƙurar da ke ciki. Fayil ɗin MP3 mai 320 ya fi mai 128 cika, FLAC kuma ba ya zubar da komai. Don haka a fara gyara fayil, a bi da iyafis mai kyau, amfilifaya ta zo daga ƙarshe. Ranar saye kuma a tafi da waya da iyafis da waƙa ko ƙira'ar da kunne ya haddace, a gwada a shago da amfilifayar da kuma babu ita, a ƙara iri ɗaya. A nan ji ne ke korar gani; abin da ya fi ƙara yakan yaudari kunne ya ɗauka ya fi daɗi.

Babban abin lura shi ne lafiyar kunnen kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 na fuskantar haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙara. Ma'auninta ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Idan ya kai 90, awa 4 kacal ya rage. Ma'aikacin da ke shafe awanni a cunkoson Nyanya da Mararraba safe da yamma, yana ƙure murya don ya danne hon da rurin injuna, cikin kwana kaɗan zai cinye rabonsa na mako. Abin da yake buƙata shi ne iyafis mai robar da ke toshe kunne sosai, yadda zai ji komai a ƙaramar murya. Idan kunne ya fara ƙugi bayan an cire iyafis, gargaɗi ne, a rage, in ya ci gaba a ga likitan kunne. Amfilifaya idan ta ƙone akwai wata a Banex, amma ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa.