Sassauta Matsin Ƙashin Baya Ba Tare da Tiyata Ba: Yadda Ake Yi da Abin da Bincike Ya Nuna

1.0 Gabatarwa

Ciwon baya yana cikin manyan larurorin da ke hana ɗan'adam neman abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma adadin zai iya kaiwa miliyan 843 a shekarar 2050. Duk wanda likita ya shaida wa cewa faifan bayansa ya zame, babu abin da yake tsoro kamar wuƙar tiyata. Wannan tsoro ne ya buɗe kasuwa ga wata hanya da ake kira sassauta matsin ƙashin baya ba tare da tiyata ba. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake yin ta, da hujjar masu ita, da kuma matsayinta a ma'aunin bincike.

2.0 Faifan Ƙashin Baya

Ƙashin baya gaɓa-gaɓa ne, guda 33, daga wuya zuwa ƙarshen tsatso. A tsakanin gaɓoɓin da ke motsi akwai faifai 23, kowanne yana aiki kamar gammo tsakanin kai da kaya. Faifan yana da ɓawo mai tauri, cikinsa kuwa taushi ne da damshi. Idan ɓawon ya tsage saboda shekaru ko ɗaukar kaya mai nauyi, sai abin da ke ciki ya bulluƙo ya danne jijiya. Wannan ya fi faruwa a faifai biyu na can ƙasan ƙugu, shi ya sa zafin kan gangara ta ɗuwawu zuwa cinya har tafin ƙafa, wani lokaci tare da sagewa.

3.0 Yadda Ake Yin Aikin

Jan baya don rage ciwo tsohuwar dabara ce, domin tun zamanin likitan Girka Hifokratis ake ɗaure marar lafiya a kan katako a ja shi. Sabon salon ya fito ne daga Kanada, inda Dokta Allan Dyer ya ƙirƙiro na'urar VAX-D, daga baya wasu irin su DRX9000 suka biyo baya a Amurka.

Ana kwantar da mutum a kan gado mai inji, a ɗaura masa ɗamara a ƙugu, a tokare saman jikinsa. Kwamfuta ce ke sarrafa jan: ta ja a hankali, ta riƙe, ta saki, sannan ta sake. Kwanciya ɗaya kan ɗauki kimanin minti 30 zuwa 45, kuma akan buƙaci zuwa sau ashirin ko fiye a cikin 'yan makonni.

Hujjar masu na'urar ita ce, jan yana buɗa tsakanin gaɓoɓi, matsin da ke cikin faifai ya ragu, har ya zuƙo abin da ya bulluƙo ya koma mazauninsa. Sukan dogara da binciken Ramos da Martin na 1994, wanda ya auna raguwar matsin a lokacin da ake jan. Sai dai mutanen da aka auna ba su kai goma ba, kuma matsi aka auna, ba waraka ba.

4.0 Abin da Bincike Ya Nuna

A shekarar 2013 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 32 da suka ƙunshi mutum 2,762, ta kuma gano cewa tasirin jan baya a kan zafi da komawa aiki kaɗan ne ƙwarai, ko ma babu. A 2016 hukumar NICE ta Birtaniya ta shawarci likitoci da kada su yi wa masu ciwon ƙasan baya wannan jan. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin hanyoyin da ba ta goyon baya ga masu daɗaɗɗen ciwon baya. Masu na'urar suna cewa tasu ta bambanta da jan da aka saba, amma ba a samu babban gwaji mai zaman kansa da ya tabbatar da fifikon ba.

To, me ya sa wasu ke rantsuwa cewa sun samu sauƙi? Amsar tana ga jiki kansa. Yawancin masu zamewar faifai kan samu sauƙi cikin makonni shida zuwa goma sha biyu, domin jiki yana tsotse abin da ya bulluƙo. Wanda ya shafe waɗannan makonni yana hawa gadon inji, na'urar zai yaba wa, alhali faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Bugu da ƙari, nazarin Brinjikji da abokansa na 2015 ya nuna cewa kashi 30 cikin ɗari na 'yan shekara 20 da ba su jin ciwon komai suna da faifai mai kumburi a hoton asibiti. Ke nan hoto kaɗai bai isa ya tabbatar da tushen ciwo ba.

5.0 Wuraren Hattara

Ba a yi wa mai juna biyu wannan jan, ko mai karaya a baya, ko mai zaizayar ƙashi, ko ƙari, ko wanda aka sanya wa ƙarfe. Akwai kuma alamomin da ba sa jiran gobe: kasa riƙe fitsari ko bayan gida, sagewar matsematsi, da raunin ƙafa da ke ƙaruwa. Mai irin waɗannan ya garzaya asibiti a ranar, domin jinkiri na iya jawo naƙasa ta dindindin.

6.0 Kammalawa

Abin da bincike ya fi goyon baya mai sauƙin kuɗi ne: ci gaba da zirga-zirga maimakon doguwar kwanciya, motsa jiki bisa jagorancin likitan gashin ƙashi, da maganin rage zafi na ɗan lokaci. A ƙasa kamar Nijeriya, inda mafi yawan marasa lafiya ke biyan kuɗin magani daga aljihunsu, kwanciya ashirin a gadon inji ba ƙaramin nauyi ba ne ga magidanci. Kafin ya biya, haƙƙinsa ne ya tambayi likita wane gwaji ne ya nuna na'urar ta fi motsa jiki, kuma bayan zuwa nawa za a dakata idan sauƙi bai samu ba.