Rage Nauyi ko Ƙara Haske: Tagwayen "Lighten"

Ƙamus ɗin Ingilishi mai kyau yakan kawo "lighten" sau biyu, kowace a gidanta. Ba kuskuren maɗaba'a ba ne. Kalmomi biyu ne, kowace da zuriyarta, zamani ne ya ɗinka musu riga iri ɗaya. Ta farko rage nauyi take nufi, kuma dangin "levis" ce ta Latin. Ta biyu ƙara haske, 'yar'uwar "lux". Jamusanci bai yarda sun cakuɗe ba, har yau "leicht" daban, "Licht" daban.

A ganina ta nauyi ta fi daɗin bibiya, domin a wurin 'yan ƙwadago ta girma. Idan jirgin ruwa ya yi lodi har ba zai iya matsowa gaɓa ba, sai a tura masa faffaɗan jirgin dako ya rage masa kaya. Wannan jirgi shi ne "lighter", kuma daga nan tashar Kirikiri ta Legas ta samo sunanta na Lighter Terminal. Mahautan Ingila kuwa "lights" suke ce wa huhun dabba. Wanda ya taɓa wankin kayan ciki ranar Babbar Sallah ba ya bukatar bayani: hanta da ƙoda su nutse a roba, huhu yana ta yawo a saman ruwa.

Makusantan "lighten" ta nauyi ma ba ɗaya suke ba, ko da yake littattafan kalmomi masu kama da juna, tun daga na Roget da ya fito a 1852, sukan jera su kafaɗa da kafaɗa. "Lighten" ragewa ce kawai, kayan suna nan a kanka. "Relieve" tana iya sauke maka su ɗungurungum. "Alleviate" kuwa 'yar ofis ce, ba a jinta a bakin ɗan dako. Ita ce gwamnatocinmu ke liƙa wa shirye-shiryen talauci, kuma a yi mata adalci, ba ta taɓa alkawarin kawar da shi ba, sassauci kawai ta ce.

Ta haske ba ta da wannan zurfin. Daga gare ta aka sami "lightning", wato walƙiya, kuma tushensu ɗaya da laitar da muke kunna risho. Amma yau inda aka fi cin karo da ita shi ne jikin kwalbar man shafawa. Masu sayarwa sun san "bleach" ta yi ƙaurin suna, tana tuna wa mutum ruwan wanke farin yadi, sai suka fake da "lighten" da "brighten" masu laushi a kunne. Sinadarin hydroquinone da ke cikin wasu mayukan bai sauya ba, kuma unguwa ba ta ruɗu ba, bilicin take ce masa.

Akwai wurin da tagwayen suke haɗewa har Bature da kansa ba ya rarrabe su, wato zancen zuciya. In ya ce labari ya yi "lighten" ɗin ransa, nauyi ne ya sauka ko gari ne ya waye? Mai fassara ba shi da damar yin shiru, dole ya zaɓa. In bashi aka yafe wa mutumin, sai a ce an sauke masa nauyi. In haihuwa aka yi masa, ransa ne ya yi fari.