Tarombon na gwanjo: yadda waya ke tona shekarunsa kafin a biya kuɗi

Idan kaka ta yi kyau a Danja, aka sayar da tumatir da mazarƙwaila, ƙungiyoyi kan waiwayi kayan da suka daɗe suna bukata. Makarantun da ke fita fareti da 'yan badujalar majami'u a tsakanin Funtua, Kafur da Malumfashi sukan rasa abu guda: tarombon, ƙahon tagullar nan da ake busawa ana ja da tura dogon bututunsa. Sabo mai kyau ya yi tsada, don haka sai a koma gwanjo, yawanci ta hoton da ɗan kasuwa ya turo a WhatsApp ko ya ɗora a Jiji da Facebook. Kuɗin kuwa na karo-karo ne, wanda aka aika shi zai sha tambaya idan kayan ya zo bai yi ba.

Mafi yawan abin da ke yawo a gwanjo samfurin 'yan koyo ne da makarantun Amurka da Ingila suka gama da su: Olds Ambassador, Conn Director, King Cleveland, Bundy, Yamaha YSL-354, sai Regent na kamfanin Boosey & Hawkes. An ƙera su don su jure hannun yara, shi ya sa wasu suka haura shekara 50 suna aiki.

Matakin farko shi ne a nemi hoton rubutun da aka zana a faffaɗan bakin ƙahon, domin sunan gari kaɗai na iya faɗin zamani. Olds mai ɗauke da Los Angeles ya girmi tsakiyar shekarun 1950, lokacin da kamfanin ya koma Fullerton, inda ya rufe a 1979. King da aka rubuta wa H. N. White na kafin tsakiyar shekarun 1960 ne. Conn ya kwashe aikin tagullarsa daga Elkhart zuwa Abilene a Texas wajen 1970, kuma masana sun fi yaba na kafin ƙaurar. Daga nan sai lambar siriyal, wadda galibi take jikin bututun ja, kusa da inda ake riƙewa. Akwai jadawalin waɗannan lambobi a intanet ga Conn, King da Olds, sai dai shekarar da suke bayarwa kintace ce, tana iya kaucewa da ɗaya ko biyu. Na Yamaha ba ya karantuwa da sauƙi haka. A kuma lura, rabi biyu ake haɗawa su zama ƙaho ɗaya, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar an aura wa bakin wani kamfani bututun wani.

Kayan Ingila suna da nasu tarkon. Har zuwa tsakiyar shekarun 1960, badujalar can na busa da ma'aunin sauti mai tsayi, kusan 452, alhali yau duniya na kan 440. Tsohon Besson ko Boosey na wancan ma'auni, ko da yana sheƙi, zai riƙa hawa sama da sauran ƙahonin ƙungiya. Gwani zai iya lallaɓa shi ta hanyar ƙara jan bututu, amma yaron da ke koyo zai yi ta shan faɗa a kan laifin da ba nasa ba. Wasu an buga musu LP, alamar ma'aunin yau, ko HP na da. Inda babu alama, manhajar auna sauti ta kyauta a waya ta wadatar: a saita ta a 440, a rufe bututun gaba ɗaya, a busa, a ga ko allurar ta zauna a kan B♭. Akwai kuma na jabu masu arha da ake ƙerawa a Indiya a liƙa musu suna mai kama da Besson. Rubutunsu kan fito a karkace, haɗin ƙarfensu da kaushi.

Duk da haka, shekaru ba su ne ke yanke hukunci ba. Bututun ja ne. Lotsawa a faffaɗan baki ba ta hana sauti, amma 'yar ƙaramar lotsawa a bututun ja tana sa shi cijewa, kuma miƙe shi aikin mai kayan aiki na musamman ne, ba na mai walda ko fanal bita ba. Mai saye daga nesa ya nemi bidiyo: a karkata ƙahon, a saki bututun ya zame da kansa. In ya tsaya a hanya, da matsala. A zaro shi a haska ƙarshen bututun ciki da fitilar waya. Inda farin rufin ya ci har tagulla ta bayyana, nan zai riƙa gurzawa, ƙurar hunturu kuma ta ƙara masa. Ɗigon ja-ja a jikin bututun waje alama ce ta ruɓewar ƙarfe daga ciki, wadda ba ta da magani sai canji. Idan ƙahon na hannu, a toshe ƙafa ɗaya ta bututun da yatsa a hura ɗayar, iska ba ta kamata ta sami mafita ba. In ta tsere ta maɓallin zubar da ruwa, toton da ke wurin ne ya mutu, gyara ne na ƙananan kuɗi da za a iya ragewa a ciniki.

Wanda ya ƙi turo bidiyon bututun bayan an roƙe shi sau biyu, gara a bar masa kayansa a duba na gaba.