JIRGIN SAMA ƘIRAR GIDA: YADDA AKE MAGANCE MASA CIWON ƘAFA

Daga Wakilinmu na Arewa, Kaduna

Duk wanda ya zauna a Kaduna wajen Kawo ko Mando daga tsakiyar shekarun 1990, ba zai manta da waɗansu ƙananan jiragen sama masu farfela guda ba, waɗanda kan yini suna kewaya sararin gari, su sauka, su tashi, su sake sauka. Muna yara mukan tsaya mu ɗaga musu hannu. Na tabbata cikin 'yan'uwanmu da neman abinci ya kai Ikko da Badun da Fatakwal akwai da yawa waɗanda suka shaida wannan. Sunan jirgin Air Beetle, kuma a nan Kaduna aka harhaɗa shi. Abin da galibin jama'a ba su sani ba shi ne, asalinsa jirgi ne irin wanda mutum kan ƙera da hannunsa a garejin gidansa can Amurka.

Wani injiniya ne mai suna Richard VanGrunsven ya zana shi, a kamfaninsa mai suna Van's Aircraft da ke Jihar Oregon, kuma sunansa na yanka RV-6A. Kamfanin yakan sayar da sassan jirgi cikin akwatuna tare da takardar zane, mai saye ya je ya haɗa abinsa. Kamfanin AIEP na Kaduna ya ɗauki wannan zane ya yi masa gyare-gyare, aka gwada na farko a 1989, daga bisani aka harhaɗa kimanin 60 domin koya wa mayaƙan sama tuƙi. Yanzu an daina aiki da su, tun a 2016 Nijeriya ta ƙulla cinikin jirage 10 samfurin Super Mushshak daga Pakistan. Amma a Amurka da sauran ƙasashe 'yan'uwan Air Beetle suna nan da ransu. Kafin ƙarshen 2017 jiragen Van's da mutane suka gama haɗawa suka tashi da su sun kai 10,000.

To, yaya mutum guda, wanda ba gwamnati ba, yake riƙe jirginsa shekara ashirin ko talatin yana tashi lafiya? Amsar tana da rassa da yawa, amma yau ƙafa za mu duba, domin ita ce ke shan wuya a kowace sauka.

ƘAFA BA SHOKAZOBA

Jirgi irin wannan idan ya cika da mutum biyu da mai da kaya nauyinsa kan kai kilo 750, kuma yakan taɓa ƙasa yana gudun mil 60 ko kusa da haka. Mai karatu zai zaci akwai wata katafariyar shokazoba da ke karɓar wannan nauyi. Babu ita. Ƙafar sandar ƙarfe ce kurum, irin ƙarfen sifirin, mai kauri daga sama tana siranta zuwa ƙasa, ita ce ke lanƙwasa ta miƙe. Wannan dabara ta Steve Wittman ce, wani gwanin tseren jiragen sama wanda ya daɗe yana shugabancin filin jirgin Oshkosh a Jihar Wiskonsin, ya rasu a 1995. A wannan fili ne ƙungiyar masu ƙera jirgi a gida ta EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, take taronta na shekara-shekara tun 1970.

Kan sandar yana shiga cikin wani bututun ƙarfe kamar yadda wuƙa ke shiga kube. A ƙafar gaba, wannan kube a jikin ƙarfen da ke ɗauke da inji yake. Sa'an nan a soke su biyun da ƙusa mai noti guda ɗaya tak, wadda kaurinta bai wuce na fensir ba. Ita ce ke hana ƙafar juyawa ko zarewa.

A nan ciwon yake farawa. Kowace sauka, kowane taka birki, kowane rami a fili, ƙafar tana neman murɗawa cikin kubenta, ƙusar tana hana ta. A kwana a tashi hudar da ƙusar ke ciki, wadda dā take a kewaye sosai, sai ta soma tsawo kamar ƙwai. Da fari motsin bai kai kaurin silin gashi ba. Amma da yake ƙafar doguwa ce kuma a karkace take, ɗan motsin da ke sama yakan zama babba a wurin taya. Sai taya ta fara cinyewa gefe guda, sai a soma jin ƙwas-ƙwas idan ana jan jirgi. Daga nan sai rawa, watau tayar ta riƙa kaɗawa dama da hagu da sauri har jirgin duka ya ɗauki makyarkyata. Rawa kuwa ƙara buɗe hudar take yi, hudar kuma ta ƙara rawa. Direbobin manyan motoci da ke bin hanyar Ikko zuwa Kano sun san irin wannan sarai, ranar da bushin ƙafar gaba ya mutu sitiyari ya kama rawa a hannu.

Abin ba na wasa ba ne. An sha samun jiragen wannan samfuri da ƙafar gaba ta kafe a ƙasa mai taushi ko rami, ta lanƙwashe, jirgi ya kife a bayansa, har an yi asarar rayuka. Saboda haka a 2007 kamfanin Van's ya fitar da sanarwa ga masu jiragen su canza gwafar da ke riƙe tayar gaba da wata sabuwa wadda ta ƙara nisanta ƙarfen daga ƙasa.

AWO KAFIN AIKI

Wanda ya san abin da yake yi ba ya fara da guduma. Yakan ɗaga jirgin har taya ta bar ƙasa, ya kama ta ya girgiza, wani kuma ya ɗora yatsa a bakin kube yana jin motsi. Sa'an nan ya duba ko akwai wani gari baƙi ko ja-ja a gindin ƙusa. Wannan gari ƙarfe ne da ya niƙe saboda guga, shi ne shaidar farko. Bayan an zare ƙafa sai awo, da ma'aunin da ke karanta kashi ɗaya cikin dubu na inci. Silin gashin kai ya fi wannan kashi kauri sau biyu ko uku. A auna huda ta tsaye da ta kwance, bambancinsu shi ne girman ciwon.

Idan ciwon kaɗan ne, sai a gyara hudar a mai da ita kewayayya, a sa ƙusa wadda ta fi ta dā kauri da kashi ɗaya cikin 64 na inci, akwai irinsu da aka ƙera domin haka. Ba a yin wannan gyara da injin huda na yau da kullum, domin hudarsa ba ta fita daidai. Akwai wani ƙarfe mai wuƙaƙe a jikinsa wanda ake juyawa sannu a hankali da mai, yana aske bangon hudar kaɗan-kaɗan. Aikin na haƙuri ne, gama ƙarfen ƙafa an gasa shi ya yi tauri ƙwarai, yakan dakushe kayan aiki nan da nan.

Waɗansu kuma sukan bar ƙusa miƙaƙƙiya su koma ga mai tsini, watau wadda kanta ya fi gindinta kauri. Sai a gyara hudar ta yi siffa ɗaya da ita. Amfaninta shi ne, duk sa'ad da aka ɗaure notinta ƙara shiga take yi tana cike wuri, ba ta barin sarari ko kaɗan.

BUSHIN TAGULLA DA KATAKO

Inda hannun maƙeri ya fi fitowa shi ne wuraren da aka yi domin su juya, kamar gwafar tayar gaba, ko 'yar tayar wutsiya a jiragen da ke da ita. A nan akan sa bushi, kuma idan ramin ya riga ya buɗe, bushin kanti ba zai zauna ba. Tilas a sassaƙa sabo a injin sassaƙa ƙarfe, daidai da awon wannan rami shi kaɗai. Akan yi shi da tagulla, a bar bayansa ya ɗara ramin da kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na inci, a sa shi a firji ya tsuke, sa'an nan a danna shi ciki. Idan ya koma ɗuminsa sai ya kama gam.

Me ya sa tagulla, alhali kuwa ga ƙarfe mai tauri? Nan hikimar take. Duk inda abu biyu ke gugar juna ɗaya zai cinye, babu makawa. Aikin mai gyara shi ne ya zaɓi wanda zai cinye. Bushin tagulla araha ne, cire shi aikin yini guda ne. Wanda ya yi bushinsa da ƙarfe mai tauri domin wai ya daɗe, ya mai da ciwon kan gwafa ko kan ƙarfen da ke ɗauke da inji, waɗanda canza su sai an sauke rabin gaban jirgi.

Haka nan akan sassaƙa ɗan bututu a sa tsakanin boris biyu na tayar gaba, yadda za a ɗaure ƙusar gatari tamau ba tare da an shaƙe boris ɗin ba. Ita kuwa gwafa, akwai waɗansu zobba masu kama da faifai da ke matse ta don kada ta yi sako-sako. Ana gwada matsin ne da sikeli mai ƙugiya, irin wanda mahauta ke rataya nama, a ja gefen taya a ga nauyin da zai sa ta juya, a kwatanta da abin da takardar kamfani ta faɗa. Har katako yana da nasa aiki. Masu jirgi da yawa sukan feƙe dogon katako su manna a jikin sandar ƙafa, su naɗe da zaren gilashi da gam, domin sifirin ba ya shanye girgiza, katako kuwa yana shanyewa.

ABIN DA BA A YI

Ba a yi wa sandar ƙafa walda, ba a kuma gasa ta da wuta domin a miƙe ta a gida. Zafi yakan kashe taurin da aka yi mata, ta yi kyau a ido, ta karye ranar da aka fi bukatarta. Ƙafar da ta tsage sai canji. Ba a kuma ci gaba da faɗaɗa huda ba iyaka, domin naman ƙarfen da ya rage a gefenta shi ke ɗaukar nauyi. Ƙusar kasuwa ba ta shiga jirgi kome ƙyallinta. Ko ƙarzanen da bakin kayan aiki ya bari sai an goge shi, gama daga nan tsaga kan soma. Idan akwai shakka akan shafa wani jan ruwa mai shiga tsaga ya tona asirinta. In har shakkar ba ta gushe ba, jirgi ya zauna a ƙasa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Dokar Amurka ta ba mai irin wannan jirgi dama mai faɗi. Muddin masu sha'awa ne suka yi fiye da rabin aikin ƙera shi, ana iya sa masa abin da aka sassaƙa a gida, abin da ba a yarda da shi haka kawai ba a jirgin haya. Amma damar tana da sharaɗi. Sabon jirgi sai ya yi gwaji ba tare da fasinja ba, galibi na awa 25 ko 40. Kowane wata 12 sai an bincike shi daga hanci zuwa wutsiya an sa hannu a littafinsa. Babban canji kuma yakan mai da shi gwaji na aƙalla awa 5. Masu hankalinsu sukan rubuta har awon bushin da suka yi da irin ƙarfensa, domin wanda zai gaji jirgin ya san abin da ya tarar.

Wannan iyawa tana da ranarta. A watan Disamba na 2023 kamfanin Van's da kansa ya shiga matsalar kuɗi har ya nemi kariyar kotu, ko da yake ya farfaɗo a 2024. Waɗansu kamfanonin sun rufe ɗungurungum sun bar jiragensu marayu. Mai jirgin da ya iya awo, kuma ya san maƙerin kirki, bai rasa uwa da uba ba.

Nan ne tunanina ke komowa gida. Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna, ko Ladipo da Owode Onirin a Ikko, ya san ba mu rasa hannu ba. Akwai yaranmu da za ka miƙa wa mataccen ƙarfe da safe, kafin la'asar sun fitar maka da irinsa. Abin da ya raba su da mutumin Oshkosh abu uku ne: ma'auni mai karanta kashi dubu, sanin sunan ƙarfen da ke hannu, da littafin da ake rubuta aiki. Uban da ya kai ɗansa koyon sassaƙar ƙarfe ko kanikanci a Kurmi, ya daure ya saya masa ma'aunin, ya kuma matsa masa ya iya karanta zane. Hukumomin makarantun koyon sana'a na jihohinmu su ma su duba wannan. Mun taɓa haɗa jirgi 60 a Kaduna, Allah ya nuna mana ranar da za a sake, da yaran da za su riƙe su.