Musayar makamashi a gilashin fuloraid

Musayar makamashi a gilashin fuloraid ita ce miƙa makamashi daga ayon ɗaya zuwa wani da ke kusa da shi ba tare da an fitar da haske ba. Ayon ɗin na sinadaran ƙasa masu wuyar samu ne, kamar erbiyum, holmiyum da furasiyodimiyum, waɗanda ake zubawa kaɗan cikin gilashin. Wannan musaya tana da muhimmanci ga lezar da ke fitar da hasken infirared na tsakiya, mai tsawon zango kusa da maikiromita 3, wanda idon ɗan Adam ba ya gani.

Tarihi

A shekarar 1974 ne Michel da Marcel Poulain, tare da Jacques Lucas, suka gano gilashin fuloraid na zirkoniyum a Jami'ar Rennes da ke Faransa. Nau'in da aka fi amfani da shi shi ne ZBLAN, haɗin fuloraid na zirkoniyum, bariyum, lantanum, aluminiyum da sodiyum. Ka'idar musayar kuwa ta girmi gilashin. Theodor Förster ya bayyana ta a 1948, David Dexter kuma ya faɗaɗa ta a 1953. A mafi sauƙin siffarta, idan nisan da ke tsakanin ayon biyu ya ninka sau biyu, saurin musayar yakan ragu sau 64.

Dalilin zaɓen fuloraid

Gilashin silika, wanda ake yin zaren intanet da shi, yana shanye haske mai tsawon zango sama da maikiromita 2. Haka kuma ƙwayoyinsa suna girgiza da ƙarfi, don haka ayon kan zubar da makamashinsa a matsayin zafi kafin ya fitar da haske. Makamashin girgizar ƙwayoyin ZBLAN bai wuce kusan rabin na silika ba, shi ya sa ayon ke riƙe makamashinsa na tsawon lokaci.

Matsalar erbiyum

Ana haska erbiyum da hasken dayod na nanomita 976 ko 980, sai ayon ya hau matakin makamashi na sama. Idan ya sauko matakin da ke ƙasa da shi, yakan fitar da haske na maikiromita 2.8. Leza ba ta aiki sai ayon da ke sama sun fi na ƙasa yawa. A ZBLAN ayon kan zauna kimanin milisakan 7 a sama, amma kimanin milisakan 9 a ƙasa. Saboda haka matakin ƙasa kan cika, hasken ya raunana ko ya tsaya.

Hanyoyin magancewa

Hanya ta farko ita ce ƙara furasiyodimiyum. Erbiyum da ya maƙale a matakin ƙasa yakan miƙa masa makamashinsa, shi kuma ya mayar da shi zafi da sauri. Matakin ya wofinta, amma makamashin ya salwanta. Ana yin haka ma ga holmiyum mai fitar da hasken maikiromita 2.9.

Hanya ta biyu ita ce yawaita erbiyum ɗin kansa, har kusan kashi 7 cikin 100, domin ayon su matso kusa da juna. Idan biyu suka haɗu a matakin ƙasa, ɗaya kan ba ɗan'uwansa makamashinsa ya koma tushe, ɗayan kuma ya hau can sama, ya gangaro matakin leza, ya sake fitar da haske. Ba tare da wannan ba, abin da ke fita ba zai wuce kusan kashi 35 cikin 100 na makamashin da aka shigar ba. A 2018 masu bincike a Jami'ar Laval da ke Kanada sun samu wat 41.6 daga zaren ZBLAN mai erbiyum.

Amfani da ƙalubale

Ruwa yana shanye haske sosai kusa da maikiromita 2.94. Da yake yawancin naman jiki ruwa ne, hasken kan yanka sama-sama ba tare da ƙona abin da ke ƙarƙashi ba, abin da ya sa ake nazarinsa domin tiyata. Ana kuma amfani da shi wajen gano iskar gas da sarrafa roba.

Sai dai ZBLAN ba shi da ƙarfin silika, yana laushi a kimanin digiri 260 na ma'aunin Salshiyos, kuma danshi na lalata bakin zaren. Ragowar ruwa a cikin gilashin ma yakan karɓe makamashin ayon, ya rage hasken da ke fita.